Na'urar sauraren Littafi Mai Tsarki mai cajin rana da darussanta a kan tuba: abin da na gani cikin wata 10

Wata 10 ke nan da na sayi wata 'yar na'urar sauraren Littafi Mai Tsarki da harshen Hausa, irin wadda ake yi wa caji da hasken rana, a wani kantin littattafan Kirista da ke nan Yamai, kuma tun da 'yan'uwa da dama a majami'armu suna yawan tambayata ko ta cancanci kuɗinta, na ga ya kyautu in rubuta abin da na gani, da daɗinsa da rashin daɗinsa. Ba don kaina na saye ta ba. Mahaifiyata, wadda take zaune tare da mu a unguwar Talladje tun bayan rasuwar mahaifinmu, ta koyi karatun Hausa tun tana budurwa a hannun masu bishara a yankin Galmi, inda asibitin mishan yake aiki tun 1950, kuma shekara da shekaru ba ta kwanciya barci sai ta karanta sura guda. Yanzu yanar ido ta raba ta da ƙananan haruffa. Jikokinta kuwa da Faransanci suka yi lakwal, idan aka miƙa musu littafin Hausa sai su riƙa tuntuɓe a kan kalmomi har ma'anar ta ɓace, ita kuma ta yi shiru don kada ta karya musu gwiwa. Ganin haka ya sa na nemo mata wannan na'ura gab da Kirsimeti.

Kantin ɗaki guda ne, rabinsa littattafan Faransanci, sauran kuma na Hausa da Zabarmanci da Gurmanci. Matar da ke tsaron kantin ba ta yi gaggawar karɓar kuɗina ba. Sai da ta tambaye ni wa zai yi amfani da na'urar, da na ce tsohuwa ce mai raunin gani, ta buɗe kwalin, ta kunna, ta miƙo mini ta ce in rufe idona in lalubi maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Malam, idan kai ka kasa rarrabe su ido rufe, kada ka je ka wahalar da tsohuwa." Na rarrabe su, domin na tsakiya ya fi sauran tudu kuma na ƙara murya suna gefe, na biya jaka 18 na sefa. Wannan irin kulawa ba a ko'ina ake samunta ba, kuma na yaba mata. Abin da bai gamsar da ni ba shi ne babu wata takardar garanti, alkawarin baka kawai aka yi mini cewa idan ta lalace cikin wata 3 in dawo da ita, sannan takardar bayanin da ke cikin kwalin da Ingilishi kaɗai aka rubuta ta, a ƙasar da masu sayen irin wannan kaya Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci suke ji.

Girman na'urar bai wuce tafin hannu ba, bayanta duka gilashin sola ne, kuma ana iya yi mata caji da waya irin ta salula idan akwai wuta. Duk wanda ya zauna a Yamai a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba mu muka riƙa kwana cikin duhu, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan amfanin abin da ba ya jiran lantarki. Idan ta sha rana yini guda tana kai mu dare biyu na sauraro, wajen awa biyu kowane dare. A lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya rufe sama kuma ƙura ta kwanta a kan gilashin, cajin yana raguwa sosai, sai an riƙa goge shi da ƙyalle. A zafin Afrilu kuma, da ma'aunin zafi yake wuce 40, na lura jikinta yana ɗaukar zafi har ba a iya riƙe ta idan aka bar ta a kan kwano da tsakar rana, saboda haka muka koma shanya ta da hantsi a bakin taga. Ta faɗi a kan siminti sau biyu ba ta fashe ba. Muryarta tana isar mutum goma a tsakar gida, sai dai idan aka ƙure ta tana ɗan karkarwa.

Mai karatun Hausar Najeriya yake yi, ba irin ta Adar da Inna ta tashi da ita ba, amma wannan bai dame ta ba ko kaɗan, domin da irin wannan Hausar aka buga Littafi Mai Tsarkin da ta saba riƙewa, tun cikakkiyar fassarar farko ta 1932 har zuwa ta 1979 da yawancinmu muke da ita a gida. Ba ya sauri, yana ba kowace jimla haƙƙinta, kuma ba ya ƙaƙale murya kamar mai wasan kwaikwayo. Kuskuren da aka yi shi ne kiɗan da aka saka a ƙarƙashin karatun Zabura, wanda a wasu wurare yake danne maganar, alhali mai sauraron Zabura kalma yake nema, ba kiɗa ba.

Babban aibin na'urar a wajena, aƙalla a makonnin farko, shi ne yadda ake neman wuri a cikinta. Akwai maɓallin da ke tsallake littafi, akwai wanda ke tsallake sura, amma babu na aya, kuma babu allon da zai nuna maka inda kake, murya ce kawai take faɗa. Littattafai 66 ne, surori 1,189, saboda haka mai neman Zabura 51 sai ya danna sau 50, idan kuma aya ta 10 yake so dole ya saurari tara da suka gabace ta. Tana tuna inda aka tsaya, amma idan batirin ya mutu gaba ɗaya sai ta koma farkon Farawa. Na yi ƙorafi a kan wannan sosai. Inna kuwa ba ta ga abin ƙorafi ba, ta ce ita dama ba ta saba tsinto aya ba, daga farko take farawa ta bi a jere, kuma haka ta yi, kowane dare bayan tuwo, mu kuma muna zaune muna ji ko muna so ko ba ma so.

Ban da Littafi Mai Tsarki, an saka wani sashe dabam mai darussa 12 gajeru a kan zunubi da tuba da gafara, kowane wajen minti 10, ba a faɗi sunan mai koyarwar ba. A kan waɗannan darussa nake so in daɗe, domin su ne mai kantin ta fi yabawa, kuma su ne na ji mutane suna kunna wa baƙinsu.

Takwas na farko cikin darussan suna da kyau ƙwarai. Darasin da ya ɗauki misalin Bafarisiye da mai karɓar haraji a Luka 18 ya taɓa ni, domin mai koyarwar bai yi wa Bafarisiyen ƙazafi ba. Ya nuna cewa mutumin gaskiya ya faɗa, yana azumi sau biyu a mako, yana fitar da ushiri daga duk abin da ya samu, ba ya ƙwace, ba ya zina, kuma duk da haka shi ne ya koma gida ba a karɓe shi ba, saboda ya shiga gaban Allah da lissafin ayyukansa a hannu da kuma wani mutum da yake auna kansa da shi. Mai karɓar harajin kuwa ya tsaya daga nesa, bai yarda ya ɗaga ido sama ba, yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai, ba shi da abin nunawa ko ɗaya. Haka ma darasin da ya gwada Saul da Dawuda ya yi zurfi. Dukansu biyu sarakuna ne, dukansu annabi ya tsare su da laifinsu, dukansu kuma sun furta cewa sun yi zunubi. Amma Saul, a 1 Sama'ila 15, sai da ya fara ɗora laifin a kan jama'a, da ya amsa kuma sai ya haɗa da roƙon Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawan Isra'ila, wato mutuncinsa ya fi damunsa a kan laifinsa. Dawuda kuwa, da Natan ya ba shi misalin attajirin da ya yanka 'yar tunkiyar matalauci ya kuma ce masa shi ne mutumin, bai kawo uzuri ko guda ba, kuma Zabura 51 da ta fito daga wannan rana ta ce hadayar da Allah ba ya rainawa ita ce karyayyar zuciya. Akwai kuma darasi a kan Yahuza da Bitrus, wanda ya bayyana bambancin baƙin cikin da ke kai mutum ga tuba da wanda ke kai shi ga halaka, kamar yadda Bulus ya rarrabe su a 2 Korantiyawa 7. Wanda ya saurari waɗannan zai fahimci cewa a koyarwar Almasihu tawali'u ba ado ba ne da ake ƙara wa tuba, ƙofarsa ce, kuma Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce girman kai rawanin tsiya.

Inda darussan suka gaza shi ne daga na tara zuwa ƙarshe. Da aka zo kan Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, mai koyarwar ya daɗe a kan gajartarsa da hawan itacensa da yadda Yesu ya kira shi da suna ya sauka a gidansa, sannan ya wuce aya ta 8 da jimla guda, alhali a nan ne Zakka ya miƙe ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, duk wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Darasi na 12 kuma ya rufe da cewa mai sauraro ya maimaita wata addu'a a bayan mai koyarwa, idan ya yi haka da zuciya ɗaya komai ya wuce. Ban musa cewa gafara kyauta ce ba, ba a sayenta da kuɗi ko da aiki, jinin Almasihu ne ya biya ta, kuma Yesu ya shiga gidan Zakka tun kafin Zakka ya mayar da ko dala guda. Amma a cikin darussa 12 a kan tuba babu ko ɗaya da ya tambayi mai sauraro ko akwai wani mutum mai rai da yake riƙe da haƙƙinsa. Wannan giɓi ne babba, kuma na san girmansa domin a cikinsa na zauna shekara biyar.

Mahaifinmu ya bar mana garkar albasa a wani ƙauye kusa da Galmi, ni da ƙanena. Lokacin da ƙanena ya tafi bida Abijan, bukata ta taso mini a nan Yamai, sai na jinginar da garkar a kan jaka 400 ba tare da na shawarce shi ba, kuma duk lokacin da ya kira ya tambayi labarinta sai in ce tana nan lafiya. Da ya dawo da niyyar noma ya tarar da wani a ciki. Bai yi faɗa ba, bai kai ni gaban hakimi ba, ya daina kirana kawai, ya koma hayar wani ɗan fili yana nomawa. Ni kuwa na tuba a gaban Allah sau da yawa, har da hawaye, na karanta alkawarin 1 Yahaya 1:9 cewa idan muka furta zunubanmu shi mai aminci ne zai gafarta mana, na ci gaba da karɓar jibin Ubangiji, na ci gaba da zama cikin dattawan ikilisiya. Da na saurari darasi na 12 na maimaita addu'ar, na ji sanyi a raina, garkar kuma tana nan a hannun wani. Hausawa suna da sunan irin wannan, tuban muzuru, kaza tana baki.

Abin da darussan suka kasa yi, karatun Inna na bi-a-jere ne ya yi shi. Cikin watan Fabrairu ta iso Littafin Firistoci, littafin da ni kullum nake tsallakewa idan ina karatu da idona, domin ina ganin dokokin hadaya ne da ba su shafe ni ba. A wannan dare aka yi sura ta 6. Mai karatun ya faɗa, da muryarsa ta kullum wadda ba ta hawa ba ta sauka, cewa idan mutum ya yaudari ɗan'uwansa a kan ajiya ko amana ko abin da ya ƙwace, to Ubangiji ya ci wa amana, kuma sai ya mayar da abin cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, ya ba mai shi, sa'an nan ya kawo ragonsa na hadaya domin a gafarta masa. Inna ta lalubi maɓallin tsakiya ta tsayar. Ta danna na baya, surar ta sake farawa, muka sake ji daga farko har wurin. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba, saboda haka ta fuskanci matata ta ce, "Karatun nan yana da mai shi a gidan nan." Daga nan ta kashe na'urar ta shiga ɗaki.

Na yi makonni ina gardama da kaina. Na ce ai muna ƙarƙashin alheri ne, ba Shari'a ba, hadayar rago ta ƙare tun da Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak, kamar yadda wasiƙar Ibraniyawa ta bayyana. Wannan gaskiya ne, amma bai cece ni ba, domin da na koma Matiyu 5 na tarar Yesu da kansa ya bar jerin yadda yake: idan kana miƙa baikonka a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon a nan, ka je ka shirya da shi tukuna. Yahaya Mai Baftisma ma, da jama'a suka zo masa a Luka 3, ya ce su ba da 'ya'yan da suka dace da tuba, da masu karɓar haraji da sojoji suka tambaye shi abin da za su yi kuma, maganar kuɗi da ƙwace ya yi musu. Na je wurin fastonmu na kwashe labarin duka na faɗa masa, wanda ban taɓa yi ba. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Dattijo, Allah ba ya jiran kuɗinka kafin ya gafarta maka, amma ƙanenka yana jiran ƙafarka." Ya kuma nuna mini cewa abin da ya hana ni zuwa duk waɗannan shekaru ba rashin kuɗi ba ne, tsoron durƙusa wa ƙarami ne, wato ciwon Saul ne a jikina.

Akwai wani abu da na gane game da mu Kiristocin ƙasar nan a cikin waɗannan makonni, kuma ina faɗarsa da ƙauna. Ba mu kai kashi 1 cikin 100 na jama'ar Nijar ba, kuma tun ranar 17 ga Janairun 2015, da aka ƙona majami'u da yawa a Yamai kwana guda bayan an yi irin haka a Damagaram, mun koyi cewa "mun gafarta", mun kuma faɗe ta da gaske, abin da ya zama shaida mai kyau a idon maƙwabtanmu. Amma wanda ya saba ganin kansa a matsayin wanda aka zalunta yana iya mantawa cewa shi ma yana zalunci a cikin gidansa, sai ya iya ba da gafara ya kasa roƙonta. Darussan da aka shirya domin mutane irinmu ya kamata su san wannan rauni su taɓa shi.

Bayan Ista na hau mota, kusan kilomita 500, ta Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Malbaza. Lokacin cirar albasa ne, buhuna jibge a bakin hanya, manoma suna gyaran rudu domin ajiye abin da ba za su sayar da araha ba. Na tarar da ƙanena a filin da yake haya, yana ɗinke bakin buhu, da 'yan ƙwadago huɗu da baffanmu a zaune a inuwa. Na yi niyyar in ja shi gefe, amma na tuna cewa a gaban mutanen ƙauyen nan ya sha kunyar tarar da baƙo a garkar ubansa, saboda haka a gabansu na durƙusa. Ya saki allurar ya ce, "Yaya, tashi, mutane suna kallo." Ban tashi ba. Na faɗi abin da na yi da sunansa, cewa na jinginar da abin da ba nawa ni kaɗai ba ne, na yi masa ƙarya sau da yawa a waya, na kuma bar shi shekara biyar yana haya, kuma na yi iyakar ƙoƙarina kada kalmar "amma" ta fito daga bakina, domin duk hanya ita ce take ta zuwa mini, da bukatar da ta sa ni da kuɗin makarantar yara da sauransu. Baffanmu ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, ya ce mu biyu mu zauna.

Ƙanena bai ce ya yafe a ranar ba, kuma ina so mai karatu ya san haka, domin darussan na'urar suna sa mutum ya zaci komai yana ƙarewa da runguma cikin minti 10. Cewa ya yi, "Na ji, Yaya. Ka ba ni lokaci." Na kwana biyu a ƙauyen yana gaishe ni gaisuwar baƙo. Na sayar da babur ɗina da na dawo, na fara biyan mai jinginar kashi-kashi, na kuma ƙara wa ƙanena jaka 80, wato kashi ɗaya cikin biyar na jaka 400. Ban ce wannan doka ce a kan Kirista ba, kuma na san bai kai abin da ya rasa na noman shekara biyar ba, na ɗauke shi ne domin ba ni da wani ma'auni da ba son zuciyata ne ya yanka shi ba. Alhajin da garkar take hannunsa ya yi mini sauƙi fiye da yadda na zata, ya ce su ma a wajensu tuba ba ya cika sai an mayar da haƙƙin mutane. Kalmar tuba ɗin ma da muke tarayya da su a kanta daga Larabci ta zo, asalin ma'anarta komowa, daidai da kalmar da annabawan Tsohon Alkawari suka yi amfani da ita a Ibrananci, kuma ɗan da ya ɓatar da gādonsa a Luka 15 bai tsaya a kan nadama a wurin aladu ba, tashi ya yi ya kama hanyar gida. Sai a watan Yuni ƙanena ya kira da kansa, ya nemi a ba shi Inna, suka daɗe suna magana, sannan ya ce a miƙo mini wayar ya ce ya yafe.

Saboda haka idan aka tambaye ni ko a sayi na'urar, ina cewa a saya, musamman domin tsofaffi da marasa gani da waɗanda ba su yi karatu ba, da kuma gidajen da babu wuta. Jaka 18 ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai ƙaramin ƙarfi, amma gida guda ko ƙungiyar mata zumunta za su iya haɗa hannu su mallaki ɗaya. Rashin maɓallin aya har yanzu yana wahalar da mai shirya wa'azi ko mai neman wuri da sauri, kuma ga irin wannan mutum manhajar salula ta fi dacewa, amma ni na daina ƙorafi a kansa. Darussan 12 kuwa ina ba da shawarar kada a bar sabon mai bi da su shi kaɗai. A saurari takwas na farko da shi, idan aka zo na Zakka a tsaya a koma Luka 19 a ji surar da kanta, a haɗa da Matiyu 5 da Luka 3, a kuma yi masa tambayar da mai koyarwar bai yi ba. Ga masu shirya na'urar, idan wannan rubutu ya isa gare su ta hannun masu kanti, roƙona uku ne: a cire kiɗan da ke kan Zabura, a buga takardar bayani da Hausa da Faransanci, a kuma ƙara darasi na 13 a kan mayar da haƙƙi da neman gafarar wanda aka cuta, ko da ƙaramin mutum ne a gida.

Maɓallin ƙara murya ya fara sakwarkwacewa a wata na tara, sai an danna shi da ƙarfi, kuma wa'adin wata 3 da aka ba ni ya wuce tuni. Na koma kantin ranar Asabar da ta wuce na nuna wa matar, ta ce ba su da mai gyara amma za ta tambaya, na kuma nemi ta biyu domin in aika ƙauye, tun da Inna ba za ta rabu da tata ba, yanzu tana cikin Ishaya. Ta ce sun ƙare, sai kaya sun iso, ta rubuta sunana a wani littafi. Saura jaka 60 in gama biyan Alhaji, amma ya riga ya sakar wa ƙanena garkar, kuma shekaranjiya ya aiko da saƙon murya cewa ya zuba irin albasa, idan Allah ya kai mu watan Nuwamba zai yi dashe.